Tsaron Rai a Bakin Teku: Tambayoyi da Amsoshi Kan Horon Masu Ceto da Tantance Haɗari

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin teku a Legas ko Accra ko Lome ko Kwatano a ranakun yawon Sallah ya san yadda wurin ke cika maƙil, ba masaka tsinke: iyalai sun shimfiɗa tabarmi, masu tsire da masu dawakin haya suna ta ciniki, samari kuwa suna rige-rigen faɗawa ruwa da dogayen wandunansu. Da yawa daga cikin waɗannan mutane a tudu aka haife su, kuma wannan ne karo na farko ko na biyu da suka ga teku ido da ido. Saboda su aka tattara waɗannan tambayoyi, da kuma matasa masu sha'awar aikin ceto, da masu wuraren shaƙatawa waɗanda nauyin rayukan baƙi ke wuyansu.

Mene ne ainihin aikin mai ceto a bakin teku?

Mutane da dama sun ɗauka aikinsa shi ne ya zauna yana jira sai wani ya fara nutsewa, sannan ya ruga ya faɗa ruwa. Wannan ɓangare yana nan, amma shi ne mafi ƙanƙanta, kuma a wurin masu sana'ar, ranar da aka wuni ana tsamo mutane rana ce da tsari ya samu tangarɗa. Mai ceto na ƙwarai yakan riga jama'a isowa. Yakan hau wuri mai tudu ya tsaya minti goma ko sha biyar yana kallon yadda raƙuman ruwa ke karyewa, ya lura da inda ruwan da ya hau rairayi ke bi ya koma, ya duba alƙiblar iska da jadawalin cika da janyewar teku na wannan rana, sau da yawa ma ya shiga ruwan da kansa domin tafin ƙafarsa ya gaya masa inda rami ya buɗe cikin dare. Sai bayan haka ne zai kafa tutocinsa, kuma yana iya tuge su ya matsar da su sau uku ko huɗu kafin la'asar. Sauran yinin kallo ne da busa usur da magana: a mayar da yaron da ya yi nisa da uwarsa, a lallashi saurayin da ya yi tatil ya koma tudu, a nuna wa baƙo inda zai shiga. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka, wato USLA, ta ƙiyasta cewa yiwuwar mutum ya mutu ta hanyar nutsewa a gaɓar da jami'anta ke gadi ɗaya ce cikin miliyan 18, kuma yawancin wannan nasara daga kan rairayi ake samunta, ƙafa a bushe.

Shin matsalar ta kai a yi mata wannan shiri?

Ta kai har ta wuce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2024 ya nuna cewa ruwa ya ci kimanin mutum 300,000 a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan daga ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne kan gaba. Wannan adadi bai haɗa da waɗanda ambaliya ko kifewar jirgin ruwa ta kashe ba. A Afrilun 2021 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa ta duniya. Gaskiya ne cewa mafi yawan mace-macen a rijiyoyi da kududdufai da koguna suke aukuwa, amma bakin teku yana da wani hali nasa: dubban mutane ne a wuri guda, a lokacin da kowa ya sani tun kafin ya zo, don haka babu uzurin cewa abin ya zo ba zato.

Na tashi ina ninƙaya a gulbin garinmu, me zai sa in ji shakkar teku?

Gulbi yana da alƙibla ɗaya, kuma wanda ya san shi ya san inda zurfinsa yake bana da baɗi. Teku kuwa yana turowa yana janyewa a lokaci guda, kuma ƙasan da ka taka da hantsi ba lallai ka same shi a wurin da yamma ba, domin yashi ne mai tafiya. Gaɓar Tekun Gini, daga Ghana zuwa Najeriya, ta ƙara da nata: raƙuman ruwan da ke dukanta daga can kudancin Atlantika suke tasowa, sun yi tafiyar dubban kilomita ba abin da ya tare su, kuma a wurare da yawa gaɓar tana da gangare sosai, ta yadda igiyar ruwa ke karyewa a kan rairayi kai tsaye, ta kayar da babban mutum a ruwan da bai wuce gwiwa ba, sannan ta ja shi da baya kafin ya miƙe. Ƙarfin ya fi tsananta a watannin damina.

Gwaninta ma ba ta hana. A ranar 17 ga Disamban 1967 Firaministan Ostareliya, Harold Holt, wanda kowa ya san shi da son ruwa da iya iyo, ya shiga teku a gaɓar Cheviot da ke jihar Victoria alhali ruwan yana tashe, kuma har yau ba a ga gawarsa ba. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma a teku rabin iya ruwa shi ne mutum ya san ranar da ba a shiga.

Mece ce ƙoramar teku, kuma me ya sa masu ceto ke yawan maganarta?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a shafin nan. Duk ruwan da raƙuma suka turo kan gaɓa dole ne ya koma, kuma ba ya komawa bai ɗaya; yakan nemi wuri mai zurfi tsakanin tudun yashi biyu na ƙarƙashin ruwa, ko gefen dutse, ko jikin katangar da aka miƙa cikin teku, ya taru a nan ya kwarara waje tamkar ƙorama a tsakiyar teku. Ita ce za ku ga an rubuta "rip" a allunan gargaɗi. Gudunta na yau da kullum ya kai rabin mita a daƙiƙa, amma an auna wadda ta kai kusan mita 2.5 a daƙiƙa, gudun da ya fi na gwanayen ninƙaya na gasar Olamfik. USLA ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na ceton da ake yi a gaɓoɓi masu raƙuman ruwa saboda ita ne.

Abin da ya sa take cin baƙi shi ne kamarta. Ka tsaya a tudu ka duba: dama da hagu farin kumfa ne, ruwa na ta karyewa da ƙara, a tsakiya kuma ga wani zirin ruwa mai duhu, lumui, ba hayaniya. Uwa mai tausayi za ta ce wa 'ya'yanta su je can inda ruwan ya kwanta, alhali duhun nan zurfi ne, kwanciyar nan kuma alama ce ta cewa ruwan fita yake yi. Wani lokaci za a ga yashi ya gurɓata zirin, ko a ga leda da kumfa suna tafiya ciki a kansa. Farfesa Rob Brander na Jami'ar New South Wales ya yi suna wajen zuba rini mai launin shunayya a cikin irin wannan ƙorama a gaban jama'a, sai kowa ya ga launin ya miƙe ya nufi ciki kamar an ja zare, kuma wanda ya ga haka sau ɗaya ba ya mantawa.

Ƙoramar ba ta jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa take kai shi. Abin da ke kashewa shi ne firgita da gajiya: mutum ya ga gaɓa na nisa, ya juya ya fuskanci ruwan yana ta bugu da iya ƙarfinsa, cikin minti biyu numfashi ya ƙare. Idan aka ji ana cewa teku ya kira wane, ko mutanen ruwa sun ɗauke shi, ba za mu yi musu da kowa a kan abin da ya yi imani da shi ba, amma in aka je wurin da idon sana'a, sau tari za a tarar da ziri mai duhu a daidai inda abin ya faru. Wanda ya tsinci kansa a ciki ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya bar kunnuwansa cikin ruwa har numfashinsa ya daidaita, ya ɗaga hannu ɗaya ya kira taimako. In ƙafarsa na taɓa ƙasa, ya tsaya ya taka a hankali zuwa gefe. In gwani ne kuma da sauran ƙarfi, ya yi iyo zuwa gefe, wajen farin kumfa, inda raƙuman za su turo shi tudu. Masana sun daɗe suna muhawara a kan wanne ya fi tsakanin kwanciya da iyo zuwa gefe, domin bincike ya nuna cewa wasu ƙoramun zagayawa suke yi su dawo da mutum kan tudun yashi, wasu kuma su wuce da shi bayan raƙuma. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne kada a yi kokawa da ita gaba da gaba.

Yaya ake gane wanda ke nutsewa a cikin ɗaruruwan masu wasa?

Ba ya ihu, kuma ba ya ɗaga hannu yana kiran jama'a kamar yadda ake nunawa a wasan kwaikwayo. Frank Pia, wani mai ceto a birnin New York wanda ya ɗauki hotunan bidiyo na masu nutsewa na gaske, ya bayyana yadda abin yake: jiki a tsaye cikin ruwa, kai ya karkata baya, baki yana nutsewa yana ɓullowa, hannuwa suna dukan ruwa ta gefe kamar mai son hawa tsani, ƙafafu ba sa aiki. Numfashin da zai yi ihu da shi babu shi. Wannan hali yakan ɗauki daƙiƙa 20 zuwa 60 ne kawai kafin mutum ya ɓace, kuma yaro ya fi saurin tafiya. Sau da yawa abokansa suna kusa da shi suna dariya, sun ɗauka wasa yake.

Shi ya sa ake koya wa mai ceto kallo a matsayin fanni mai zaman kansa: ya raba ruwan gabansa gida-gida, ya bi da ido bisa tsari, ya ƙirga kawuna, ya riƙe waɗanda ya yi wa alama tun suna tudu, irin su mai shiga da kaya masu nauyi, da mai tafiya da ɗari-ɗari, da mai dogara da robar hurawa. Ido yana gajiya kamar yadda ƙafa ke gajiya, musamman a hasken rana mai dukan ruwa, don haka ake sauya masu gadi a kai a kai. Mai ceton da ke latsa waya a bakin aiki, a ra'ayin mai wannan rubutu, ya kamata a sallame shi ranar, ko da shi ne ya fi kowa gudu a ruwa.

Wane ne ya cancanci shiga horon, kuma wace jarrabawa ake yi?

Yawancin ƙungiyoyi suna karɓa daga shekara 16, a Ostareliya kuma daga 15. Gwajin ƙarfi ba wasa ba ne. Ƙungiyar ceton rai a teku ta Birtaniya da Ayalan, wato RNLI, wadda aka kafa a 1824 kuma ta fara gadin gaɓoɓi a 2001, tana buƙatar mutum ya yi iyon mita 400 a ƙasa da minti 7 da rabi, mita 200 na farko a ƙasa da minti 3 da rabi, ya kuma yi gudun mita 200 a kan rairayi a ƙasa da daƙiƙa 40. A Ostareliya akwai gwajin da ake gudun mita 200, a yi iyon mita 200 a teku, a sake gudun mita 200, duka cikin minti 8. USLA kuwa mita 500 take nema cikin minti 10. Tarayyar ƙungiyoyin ceto ta duniya, ILS, wadda aka kafa a 1993 mai hedikwata a Leuven ta ƙasar Beljiyam, ita ke fitar da mizanin da ƙasashe ke daidaita nasu a kai. Matasan masunta da suka tashi a gaɓa sukan ci irin wannan gwaji bayan ɗan gyaran salon iyo, kuma sun zo da sanin ruwa wanda aji ba ya bayarwa.

Me ake koyarwa a lokacin horo?

A Birtaniya kwas ɗin takardar shaidar gadin gaɓa ba ya gaza awa 40, kuma takardar shekara biyu take yi sai a sabunta. A Ostareliya duk shekara ake sake gwaji. Ana fara da sanin teku, sannan amfani da kayan aiki: robar ceto mai igiya da ake ɗaura wa mutum a ƙirji, allon ceto da ake tuƙawa da hannu, takalman iyo, ƙaramin jirgin roba mai inji, rediyon oba-oba, da alamun hannu da ake magana da su tsakanin na ruwa da na tudu idan ƙarar teku ta hana ji. Akwai taimakon farko, da yadda ake fito da wanda ake zargin ya karye a wuya ko gadon baya ba tare da an lanƙwasa shi ba, da neman yaron da ya ɓata, da iya magana da jama'ar da ba sa son a hana su.

Darasin da ya fi zama a zuciyar ɗalibi shi ne na kusantar mai nutsewa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma mai ceto shi ne abu na farko da hannunsa zai samu. Don haka ake tsayawa nesa da shi kamar taku biyu, a tura masa robar tukuna, a yi masa magana, sai ya lafa a zagaya ta bayansa. In ya riga ya shaƙe ka, sai ka ja numfashi ka nutse ƙasa, domin ƙasa ne kaɗai inda ba ya son zuwa, zai sake ka da kansa.

Ana kuma horar da su aiki tare, kuma tarihi ya nuna dalili. A ranar 6 ga Fabrairun 1938 wasu manyan raƙuman ruwa da suka biyo juna sun share ɗaruruwan mutane daga kan tudun yashi a gaɓar Bondi da ke Sidni. Allah ya sa gomman masu ceto suna wurin domin wata gasa ta ƙungiyarsu, wadda aka kafa tun 1907. An fito da kimanin mutum 250, biyar suka rasu.

An tsamo mutum ba ya numfashi. Shin a danna cikinsa ruwan ya fito?

A'a, kuma wannan kuskure ya yi sanadin rayuka da yawa. Danna ciki, ko ɗaga mutum a juye kai ƙasa, ko jujjuya shi a kan turmi, ba ya fitar da ruwa daga huhu. Abin da ke cikin tumbi yake turowa, ya shiga maƙogwaro ya ƙara toshe hanyar iska, ga kuma ɓata lokaci. Matsalar wanda ya nutse rashin iska ce, don haka iska ake fara ba shi. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri inda ruwa ba ya isowa, a karkata kansa baya a ɗaga haɓa, a duba numfashi na daƙiƙa goma. In babu, a sa wani ya kira agaji, a toshe hancinsa a hura masa numfashi sau 5 ana kallon ƙirjin yana tashi, sannan a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a danna sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a hura sau 2, a ci gaba a haka. Kumfa za ta iya fitowa ta baki da hanci. Kada a tsaya shararta. In ya yi amai, a juya shi gefe a kwashe, a mayar da shi a ci gaba har ma'aikatan lafiya su karɓa ko ya farfaɗo. Wanda ya farfaɗo, ko wanda aka fito da shi yana tari mai yawa, yana haki, ko ya rikice, asibiti za a kai shi ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau, domin huhu na iya kumbura bayan 'yan sa'o'i. Karanta wannan bai isa ba. Sai an gwada da hannu a kan mutum-mutumin koyo a gaban mai koyarwa.

Me ake nufi da tantance haɗarin gaɓa, kuma wa ke yin sa?

Shi ne aikin da ke gaba da ɗaukar masu ceto, domin shi ke nuna nawa ake buƙata, a ina, a wane lokaci. Ƙwararre yakan taka gaɓar daga farko zuwa ƙarshe, a lokacin cika da lokacin janyewa, da rani da damina, yana rubuta abin da ke iya cutarwa: ƙoramu, duwatsu, ramukan da masu haƙar yashi suka bari, bakin kogi ko magudana, tarkacen jirgi, hanyar jiragen kamun kifi. Sannan ya dubi mutanen: su wane ne ke zuwa, nawa ne, sun iya ruwa, wane harshe suke ji, ana sayar da giya, ta ina motar asibiti za ta shigo kuma minti nawa za ta yi. Daga nan sai a jera matakai, daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni: a kawar da haɗarin in zai kawu, a rufe hanyar zuwa wurin, a raba masu iyo da masu jirage, a sa masu gadi, a ajiye kayan ceto, a kafa alluna. Allo shi ne mafi arha kuma mafi rauni, balle wanda aka rubuta da Turanci zalla a inda rabin baƙi ba sa karanta shi. A Ostareliya Farfesa Andrew Short na Jami'ar Sidni ya jagoranci aikin da ya ba kowace gaɓa ta ƙasar maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon haɗarinta.

Abin da ya faru a Camber Sands ta kudancin Ingila ya isa misali. Gaɓa ce shimfiɗaɗɗiya mai kama da marar haɗari, mai karɓar dubban baƙi a ranar zafi, kuma a lokacin ba ta da masu ceto. A ranar 24 ga Agustan 2016 samari biyar abokan juna da suka zo daga Landan suka rasu a wurin, a yankin da tudun yashi da kwazazzabai ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa idan teku ya fara cika. A shekarar da ta biyo baya aka kawo masu ceton RNLI. Yanayin gaɓar bai sauya ba; yawan baƙin da ba su san teku ba ne ya ƙaru, lissafin kuma bai bi su ba.

Gine-gine ma suna sauya lissafi. Katangun duwatsun da aka miƙa a mashigin tashar jiragen ruwan Legas a farkon ƙarni na 20 sun tare yashin da ke tafiya daga yamma zuwa gabas, sai teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru, har aka cike wurin aka gina sabuwar unguwar Eko Atlantic da katangarta. A Agustan 2012 tumbatsar teku ta afka wa gaɓar Kuramo da ke Legas ta yi sanadin rayuka. Duk inda aka zuba sabbin duwatsu don tare zaizaya, to a sake tantancewa, domin ƙorama ta dindindin takan zauna a jikinsu.

Me tutoci ke nufi?

Tuta mai ja da rawaya guda biyu su ne iyakar inda masu ceto suka zaɓa kuma suke gadi. A tsakaninsu ake shiga. Ja zalla na nufin kada kowa ya shiga. Mai ɗigon dara baƙi da fari ta masu allunan hawa igiyar ruwa ce da ƙananan jirage, ba ta masu iyo ba. A Birtaniya, buhun iska mai ruwan lemo gargaɗi ne cewa iska na kaɗawa daga tudu zuwa teku. Wurin da ba tuta kuwa ba shaidar lafiya ba ce, shaida ce ta cewa babu mai kallo.

Ina ruwan wata da iska da lafiyar mai wanka?

Teku yana cika ya janye kusan sau biyu a yini, tazarar kimanin awa 12 da minti 25 tsakanin cika da cika, kuma tazarar hawa da saukarsa ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyar wata. Ke nan Ƙaramar Sallah, da ke zuwa da sabon wata, takan faɗo daidai lokacin da motsin ya fi ƙarfi. Ƙoramu sukan fi gudu idan ruwa ya janye. A wuraren da hawan ke da yawa, ruwa yana zagaye mutum ta baya ya yanke masa hanya, kamar yadda ya faru a Morecambe ta Ingila a Fabrairun 2004, inda aƙalla 'yan ƙasar Sin 21 masu tsintar ƙumba suka rasu da dare. Iskar da ke fitowa daga tudu kuma takan kwantar da fuskar ruwa ta yi kyaun gani, amma tana iya tafiya da yaron da ke kan tiyub ko katifar hurawa fiye da saurin mai iyo. Idan aka ji tsawa, a fita daga ruwa a bar rairayin baki ɗaya.

Idan babu mai ceto kusa, ga mutum yana nutsewa a gabana fa?

Ka yi ihu ka tara jama'a, ka sa mutum ɗaya ya kafe shi da ido yana nuna shi da yatsa kada ya ɓace, wani ya kira lambar gaggawa, wadda a Najeriya da Ghana 112 ce, a Legas kuma akwai 767. Ka jefa masa duk abin da ke tasowa kan ruwa: jarka rufaffiya wadda ba komai ciki, kular abinci, ƙwallo, tiyub. Masuntan Argungu da ke kwanciya a kan gora sun san wannan hikima tun kaka da kakanni. A Afirka ta Kudu ƙungiyar ceto a teku ta NSRI ta fara kafa robobin ceto masu launin hoda a gaɓoɓin da ba masu gadi tun 2017, domin wanda ke wucewa ya samu abin jefawa. Shiga ruwa hannu rabbana shi ne abin da ke mayar da gawa ɗaya ta zama biyu ko uku, kuma sau da yawa uba ne ko yaya ke bin yaro, yaron ya tsira shi ya tafi. Wanda zuciyarsa ba za ta bar shi ya tsaya ba, to kada ya shiga sai da abin da zai ɗauke su su biyu.

Mata za su iya wannan aiki ba tare da sun bar suturarsu ba?

Suna yi. Bayan rikicin ƙabilanci na gaɓar Cronulla a Disamban 2005, ƙungiyar masu ceto ta Ostareliya ta buɗe shirin horar da matasa Musulmi, kuma Aheda Zanetti, 'yar asalin Labanan mai ɗinka kayan iyo masu rufe jiki, ta yi wa matan nasu da ja da rawaya. A Zanzibar shirin Panje yana koya wa 'yan mata iyo da ceto cikin irin wannan sutura, kuma mata ne ke koyarwa. Abin da ke da haɗari shi ne shiga da zane ko doguwar riga ko hijabi mai faɗi, domin suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa, igiyar ruwa kuma ta samu abin kamawa.

Duk wannan ba sai ƙasa mai kuɗi ba?

Kuɗi na taimakawa. A Janairun 2018 jirgi maras matuƙi ya jefa wa samari biyu robar ceto a Lennox Head ta Ostareliya cikin ɗan lokaci kaɗan. Amma a Cox's Bazar ta Bangaladash, cibiyar rigakafin haɗurra ta ƙasar, wato CIPRB, tare da RNLI sun kafa gadin gaɓa da matasan garin, da tutoci da hasumiyoyin kallo masu sauƙi. Mai wannan rubutu ya taɓa biyan kuɗin shiga wata gaɓa mai zaman kanta, inda ya ƙirga ƙarti shida a ƙofa suna duba tikiti da jakunkuna, a bakin ruwa kuwa mutum ɗaya ne da usur, ba roba, ba allo, yana zaune a inuwa ya juya wa teku baya. Albashin biyu daga cikin ƙartin nan ya isa a ɗauki masu ceto na gaske. Wanda ke karɓar kuɗin ƙofa ya ɗauki amanar wanda ya shigo, kuma hukumar da ke ba shi lasisi ita ya kamata ta nemi ganin takardar tantance haɗari da shaidar horon ma'aikatansa kafin ta sa hannu.

Zan jagoranci ɗalibai ko 'yan ƙungiya zuwa bakin teku. Me zan yi kafin mu tashi?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je wurin tun kafin ranar, ko ka aiki wanda ka yarda da shi, ya tambaya ko akwai masu ceto, su nawa ne, ƙarfe nawa suke tashi daga aiki, da kuma asibiti mafi kusa. Ka rubuta sunayen duk waɗanda za su, ka ware waɗanda ba su iya ruwa ba, kuma kada ka yarda da "na iya" ta baki. Da kun isa, ka fara gaisawa da shugaban masu ceto ka gaya masa yawanku, ka bar shi ya nuna muku wuri. Ka haɗa su biyu-biyu kowa ya riƙe ɗan'uwansa, ka sa babba ɗaya ga kowane ƙaramin rukuni wanda ba zai ci abinci ko ɗaukar hoto ba sai an karɓe shi, yara ƙanana kuma kada su wuce inda hannu zai kai gare su. A riƙa kiran suna duk bayan rabin awa. Lokacin da ya fi kamata ka tsananta shi ne dab da magariba, sa'ad da masu gadi suka naɗe tutocinsu, manya suka shagala da haɗa kaya da alwala, samari kuma suka roƙi a bar su su shiga sau ɗaya na ƙarshe. Ka fitar da kowa daga ruwa rabin awa kafin a sauke tuta, ka kira suna a kan rairayi, ka sake kira a cikin mota kafin direba ya tayar.